Addu'ata ta bushe: wa ya taɓa shiga wannan hali, yaya kuma ya yi?

Maman Tagwaye

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Na daɗe ina jin nauyin faɗin wannan magana, yau dai na cije. Wata takwas ke nan ban ji daɗin addu'a ba. Da can in na durƙusa da asuba sai zuciyata ta yi sanyi, wani lokaci har da hawaye. Yanzu sai in ɗauki rosari, wato carbinmu na Katolika, kafin in kai "A gaishe ki Maryamu" ta uku hankalina ya riga ya tafi wajen wanki da kuɗin makarantar yara. Ina zuwa Mas, wato sujadarmu a coci, kowace Lahadi, ina karɓar Jibi Mai Tsarki, gurasar da aka tsarkake, in koma gida yadda na fito. Ban daina ba da gaskiya ba, sai dai ji nake kamar ina ƙwanƙwasa ƙofar gidan da masu shi suka tashi. Don Allah ba wa'azi nake nema ba. Wanda abin ya taɓa samu, ya gaya mini yadda nasa ya kasance.

Tsohon Katikis

'Yata, sannu. Nawa ya zo ne bayan rasuwar matata, ya kuma ɗauki shekara biyu cur. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ke tsayawa gaban jama'a ina bi da addu'a, ina koya wa masu shirin baftisma cewa Allah yana ji, alhali in na koma ɗaki bakina ne kawai ke motsi. Na riƙa ganin kaina munafuki.

Wata rana ina shirya darasi sai na faɗa kan wurin da na sha wucewa a Katikisim ɗin Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992. Kashi na huɗu gaba ɗaya a kan addu'a yake, daga sakin layi na 2725 kuma ana kiran addu'a yaƙi. Na 2729 ya yi magana kan yawon hankali, na 2731 kan bushewa. Na zauna na yi shiru. Ashe abin da nake ɓoyewa kamar abin kunya, Ikilisiya ta riga ta sa masa suna ta ba shi lamba.

Abin da na yi shi ne na bar neman kalmomin kaina, na koma Zabura. Ki buɗe Zabura 88 (wasu bugu suna ƙirga ta 87). Mafi yawan zaburorin kuka suna juyawa zuwa yabo kafin su ƙare, ita wannan a cikin duhu ta ƙare, mai ita yana cewa duhu ne kaɗai abokinsa. Duk da haka ita Ikilisiya ta sa a Addu'ar Dare ta kowace Juma'a. Na ce to, in har an yarda a yi wa Allah magana haka, ni ma ina da abin faɗi. Na yi wata da watanni ba ni da wata addu'a sai ita da Zabura 22. Ba zan ce miki ga ranar da abin ya warware ba, a hankali ya saki kamar yadda kumburi ke sacewa.

Mai Aikin Dare

'Yar'uwa, tagwayen nan watansu nawa? Awa nawa kike barci? Da gangan nake tambaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi kusan shekara ina kuka cewa Allah ya juya mini baya, ashe gajiya ce. Ina tashi daga aikin dare in ce lallai sai na yi asirai biyar, wato zagayen rosari gaba ɗaya, kafin in kwanta, in farka da rosari a ƙasa, in fara zargin kaina. Wata Sista ce ta buɗe mini 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ikan da ya zo bai yi masa faɗa ba, cewa ya yi tashi ka ci. Ya ci, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 ya ji muryar nan marar ƙarfi a Dutsen Horeb. Ta kuma gaya mini Waliyiya Tereza ta Liziyo, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ita ma barci yakan kwashe ta a lokacin addu'a, rosari ma wuya yake ba ta.

Na mayar da addu'ata bayan na yi barci na yi wanka, na kuma rage zuwa asiri ɗaya, wato "A gaishe ki Maryamu" goma kawai, amma ina tsayawa in kalli abin da ke cikinsa. Ranar Alhamis na fi so, asiran haske da aka ƙara a 2002, musamman bikin auren Kana. "Ba su da ruwan inabi", iyakar abin da Uwarmu Maryamu ta ce wa Yesu ke nan. Sau da yawa addu'ata ba ta wuce haka: Uwa, ba ni da shi.

Direban Babbar Mota

Ni ban iya dogon bayani ba. Ina kan hanya kwana biyar a mako, zama wuri ɗaya in yi tunani mai zurfi ba nawa ba ne. Na sa ƙararrawa a waya, 12 na rana in yi addu'ar Mala'ikan Ubangiji, 3 na yamma in yi addu'ar Jinƙan Allah. Ko na ji wani abu ko ban ji ba, in ƙararrawa ta buga sai in yi. Shekara shida ke nan. Matata ce ta fara lura na rage zagin mutane a hanya, ni ban ma sani ba.

'Yar Ƙungiyar Mawaƙa

Maman Tagwaye, zan faɗi nawa, amma ba ina cewa naki haka yake ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na rantse ba ni da wani zunubi da ya tare mini hanya. Na je furta zunubi a lokacin azumi na lissafa ƙananan abubuwan da na saba, na ƙara da cewa addu'ata ta mutu. Fada ya yi shiru, sai ya tambaye ni ko akwai wanda ba na yi wa magana. Gabana ya faɗi. Shekara ɗaya da rabi ba ma gaisawa da yayata saboda rabon kayan mahaifiyarmu, ni kuwa ban taɓa sa shi a lissafin zunubi ba tunda ni aka cuta. Kullum ina cewa "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi", ashe wurin nan nake bi da gudu kamar mai tsallake garwashi.

Horon da ya ba ni shi ne in ambaci sunanta gaban Allah kwana tara, in roƙa mata alheri. Kwana uku na farko haƙorana a cije suke. Ban kira ta ba sai bayan Ista, har yau ma ba mu koma yadda muke da ba. Amma daga makon nan na iya yin addu'ar Ubanmu har ƙarshe ba tare da wani abu ya tokare ni a maƙogwaro ba.

Ɗalibi Mai Neman Aiki

Mama, abu ɗaya zan roƙe ki, kada ki daina. Ni dainawa na yi. Na ce tunda ba na jin komai gara in jira sai zuciyata ta dawo, kada in yi wa Allah ƙarya. Jiran nan ya kai ni wata 14 ba addu'a, zuciyar kuwa ba ta dawo da kanta ba, nesa ta ƙara yi. Daga baya a wani ja-da-baya, wato keɓewa don addu'a, na kwana uku na ji koyarwar Waliyyi Ignashiyus na Loyola, sojan nan da aka raunata a Pamplona a 1521 ya tuba yana jinya. Ƙa'idarsa ita ce, a lokacin ƙuncin ruhu kada mutum ya canza shawarar da ya yanke lokacin da yake cikin haske, in ma ya ji kamar ya gajarta addu'a, ya ɗan ƙara a kai. Akasin haka na yi sak.

Da binciken zuciya irin nasa na dawo, minti goma kafin barci: godiya, roƙon haske, duba yadda yinin ya wuce, neman gafara, sai shirin gobe. Godiyar ce ta ba ni wuya, don mai neman aiki shekara biyu ba ya ganin abin godiya da sauƙi. Akwai daren da abin da na samu kawai shi ne wani ya matsa mini na zauna a mota.

Malamar Firamare

Na san ba da jimawa ba wani zai kawo zancen Mada Tereza ta Kalkata, bari in riga shi. Gaskiya ne wasiƙunta da aka buga a 2007 sun nuna ta yi kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah, ta kuma ci gaba da hidima, aka sa ta cikin waliyyai a 2016. Gaskiya ne Waliyyi Yohanna na Gicciye ya koyar da duhun daren da Allah yake yaye rai da shi daga son zaƙin addu'a. Amma mu yi hattara da saurin ɗora wa kanmu babbar riga. Ni na yi wata uku ina cewa ina cikin duhun dare, har wata ƙawata ta ce in duba awa nawa nake yi a waya. Awa biyar a rana. Da na buɗe ido waya, kafin in rufe ido waya, sannan in ba Allah minti bakwai in ce bai yi magana ba. Na fitar da ita daga ɗakin kwana, na sayi agogon tebur. Addu'ata ba ta warke duka ba, amma rabin duhun nawa hasken waya ne.

Tsohon Katikis

Malama, kin yi gaskiya, shi ya sa ake son mutum ya sami mai ba shi shawara ta ruhu, kada ya zama shi ne majinyaci shi ne likita. Sai dai Waliyiya Tereza ta Abila ma da bakinta ta ce ta yi kusan shekara 20 tana fama, har takan ƙosa agogo ya buga lokacin addu'a ya ƙare. Wani fama na sakaci ne, wani na gajiya, wani na girma, sau da yawa kuma a cakuɗe suke zuwa.

Wani Ɗan'uwa

Na karanta duka, ina taya waɗanda suka fita murna. Ni shekara huɗu ke nan ban fita ba. Na gyara barci, na furta zunubi, na rage waya, na gwada karatun Littafi Mai Tsarki a hankali aya bayan aya. Shiru. Abin da ya rage mini shi ne kowace Alhamis da yamma ina zuwa in zauna awa ɗaya gaban Sakramenti Mai Albarka, wato gurasar Jibi da ake ajiyewa a coci, wadda muka gaskata jikin Yesu ce. Ba na cewa komai. Akwai labarin manomin da Waliyyi Yohanna Biyani na Ars ya tambaya me yake yi a coci kullum, ya ce ina kallonsa yana kallona. Ni rabin farko kawai zan iya shaidawa. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Na bar masa aikin. Maman Tagwaye, zan sa ki a zaman wannan Alhamis ɗin.

Maman Tagwaye

Na gode, Allah ya saka wa kowa. 'Yar'uwa mai aikin dare, kin kama ni: watansu goma sha ɗaya, rabona da barcin awa biyar a jere tun kafin haihuwa, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Baba Katikis, na karanta Zabura 88 jiya da dare ina shayarwa, sau biyu, ban san akwai irinta a Littafi Mai Tsarki ba. Maganar 'yar'uwa mawaƙiya kuwa ta taɓa wani wuri da ban shirya buɗewa a nan ba, na dai nemi ganin Fada ranar Asabar. Yau da safe na yi asiri ɗaya, hankalina ya gudu sau huɗu, sau huɗu na dawo da shi. Ban ji komai ba tukuna. Ɗan'uwa na Alhamis, ƙarfe nawa kake zaman naka? In yaran sun yi barci zan zauna daga nan ɗaki a daidai lokacin.