Yaran gudun hijira a Maraɗi: Faransanci ko manhajar Najeriya?

Malamin CEG (koleji, wato ƙaramar sakandare a Nijar): Assalamu alaikum. Ga abin da nake gani. Yaran da 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni da Isa tun 2019, aka zaunar da iyayensu a Garin Kaka da Cadakori, a sa su kolejin Nijar kawai su zana BEPC, jarrabawar kammala koleji. Jiran komawa gida na cinye shekarun karatunsu.

Ɗan Sabon Birni: Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda ba. Yaron da ya kai JSS 2 (aji biyu na ƙaramar sakandare) a gida, ka mai da shi sizyam, ajin farko na koleji, tare da sa'o'in ƙannensa, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci? Zuciya za ta ɗebe shi ya kama kabu-kabu. A Diffa ai an buɗe cibiyoyin da ke bin manhajar Najeriya, har yara suka je Kano suka zana jarrabawa.

Malamin CEG: An yi, amma da kuɗin ƙungiyoyin agaji. Ranar da tallafi ya yanke, wa zai biya malaman? Kolejin gwamnati kuwa tana nan.

Ɗan Mokolo: A sansanin Minawao nan Kamaru akwai sakandare mai harshe biyu, yaran Barno na karatu da Ingilishi.

Malamin CEG: Kamaru tana da tsarin Ingilishi nata na kanta, ɗan'uwa. Nijar ba ta da shi.

Inna Mai Fura: Ku gafarce ni Malamai, kuna ta gardamar harshe, ni tafiyar ce ke damuna. Firamare tana kusa, koleji sai an bar ƙauye. Ɗan gari zai sauka gidan kawunsa. Baƙuwar yarinya fa, gidan wa? Babu uwar da ta kwana daji da 'yarta tana gudun 'yan bindiga, sannan ta sake ta kan hanya kullum da duku-duku. Da ta gama firamare sai maganar aure ta taso. Kuma 'ya'yan masu masaukin ma haka suke fama, kada a manta da su.

Ɗan Sabon Birni: Wallahi Inna gaskiyarki. Amma ko an kawo kolejin ƙofar gida, manyan yaran nan ba za su zauna ajin ƙanana ba.

Malamin CEG: To a ba su shekara guda ta Faransanci zalla, a gwada su, kowa ya shiga ajin da ya dace da shi.

Inna Mai Fura: A cikin ƙauyen za a yi ajin, Malam, ko shi ma sai an je gari?