Abin da na kwaso daga hirarmu kan koyar da yara a gida

Ranar sunan nan da aka yi a ƙauyenmu wajen Bichi, na kai kukana gaban mata: yarana uku nake koya wa karatu a gida, babban da an faɗa ya kama, na tsakiya baƙaƙe juya masa suke yana rubuta b a wurin d, autar kuma kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

Gwaggo ce ta fara, ta ce ƴar nan ajiye bulala tukuna, yaron da ba ya ganewa duka ƙara rufe masa kai yake, wallahi maganar ta taɓa ni. Wata malamar firamare ta ce in daina haɗa su zama ɗaya, kowa minti 15 nasa bayan asuba kafin a fita gona, na tsakiyan ya riƙa zana harafi da yatsa a ƙasa yana faɗa da baki, lissafi kuma da ƙwayar gyaɗa ko tsakuwa. Autar kuwa in zauna gabanta tana ganin leɓena, kada in yi mata magana ta baya, a kai ta asibiti a duba kunnen, in abin ya yi tsanani akwai makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano.

Gajiya kam kowa ta yarda akwai ta, ga girki ga ɗiban ruwa. Sun ce in sa babban ya riƙa biya wa ƙannensa, kuma kada in hana su islamiyya don su saba da sa'o'insu. Shekaranjiya na tsakiyan ya rubuta sunansa a jikin rumbu da gawayi, ban goge ba.