Oyal sil ɗin injin niƙana ya ƙi daina yoyo

Mai niƙa: Salama alaikum. Sau biyu ina sauya oyal sil, wato robar da ke tare mai a jikin shaf, a wata ɗaya, har yanzu mai na ɗiga. Na goge shaf ɗin da sanfefa sai ƙyalli yake. Ina matsalar?

Makanike: Malam, gugar ce. Idan ka ja sanfefa a karkace, tana barin zane kamar zaren noti, shi ke tura mai waje. A kai shaf ɗin wurin masu injin wasawa, dutsen ya shiga kai tsaye.

Ɗalibin injiniya: Santsi da yawa ma illa ne, leɓen robar yana buƙatar ɗan mai ya kwanta ƙarƙashinsa. Ana son Ra, wato ma'aunin kaushin jikin shaf, tsakanin 0.2 da 0.8 maikiromita, tauri aƙalla 45 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC.

Mai niƙa: Na gode. Farcena ma yana kama wani rami a wurin.

Makanike: To, sa wa shaf ɗin siririn hannun riga na ƙarfe, wato zoben da zai rufe ramin.