Wace haɗaka ce ta masu aikin ƙwayoyin gado za ta amfane ni?

Likitar Yara: Assalamu alaikum. Ina da wani yaro mai farfaɗiya da jinkirin girma. Iyayensa sun yi ƙoƙari an yi masa gwajin eksom, wato karanta sassan DNA masu ɗauke da umarnin haɗa furotin, sakamako ya dawo da VUS, wato sauyin da ba a tabbatar ko yana da illa ba, a ƙwayar gado guda. Ni kaɗai ce a sashenmu mai leƙa wannan fanni. Don Allah wace ƙungiya ko haɗakar masana zan shiga in samu waɗanda za mu riƙa duba irin wannan tare? Ba ta taron shekara da ɗaukar hoto nake nema ba.

Mai Lab: Wa alaikumus salam, Dakta. Kin duba ClinVar, rumbun da ɗakunan gwaji ke shigar da sauye-sauyen gado da fassararsu?

Likitar Yara: Na duba. Ɗakin gwaji ɗaya ne ya shigar da shi, shi ma VUS ya rubuta.

Ɗan Kwamfuta: Ki sa sunan ƙwayar gadon a GeneMatcher, shafin da ke haɗa likitoci da masu binciken da ke bin ƙwayar gado ɗaya, yau ɗin nan. Ba a neman sunan yaro. In wani likita a ko'ina ya taɓa shigar da ita, ku biyun za a turo muku imel. Shafin yana cikin Matchmaker Exchange, haɗakar irin waɗannan shafuka, kuma kyauta ne.

Farfesa: Kafin nan a gwada uwa da uba. In babu sauyin a jikinsu, a yaron ya fara, hujjarki ta ƙaru. Kuma ƙa'idar ACMG, ƙungiyar likitocin gado ta Amurka, ta 2015 ba ta yarda a gina magani a kan VUS ba, ki gaya wa iyayen haka da bakinki. In koyon tantancewa kike so, ClinGen, haɗakar masana masu tantance alaƙar ƙwayoyin gado da cututtuka, na karɓar 'yan sa-kai, su koya miki yadda ake auna hujja. Aiki ne fa, ba katin zama mamba ba.

Mai Lab: Ranka ya daɗe, duk wannan daidai ne, amma a bar ni in yi wa Dakta kashedi, don kalmar haɗaka ta taɓa cizona. Wasu abokan aiki daga waje suka zo mana da batun nazarin wata cutar gado. Mu muka nemo izinin kwamitin ɗa'a, mu muka zauna da iyalai muka yi musu bayani har suka sa hannu, mu muka ɗebi jini. Na san daren da wuta ta ɗauke na kwana gaban firiza ina kallon ma'aunin sanyi yana hawa, ina kwashe kwalabe zuwa akwatin ƙanƙara da fitilar waya a baki. Aka ciro DNA, aka tura. Babu takardar yarjejeniyar tura samfur, wai ai mun zama 'yan uwa. Da farko kowane wata ana taro ta Zoom, sai ya koma jefi-jefi, sai shiru. Ɗalibina ne ya turo mini maƙalar bayan ta fito. Sunana na can ƙasa a wurin godiya. Na nemi ɗanyen bayanan, aka ce in cika fom kamar kowane baƙo. Abin da ya fi ci mini rai, wata uwa har gobe in ta gan ni sai ta ce, Malam, ina sakamakon jinin yarana? Don haka Dakta, duk wanda ya ce ku haɗa kai, tambaye shi tun kwalba ɗaya ba ta fita ba: wa zai riƙe bayanan, sunan wa zai zo a ina, samfurin da ya rage ina za shi, kuma wa zai koma wa iyalai da amsa. A rubuce, da sa hannun shugabannin cibiyoyin biyu.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya saka maka, Malam.

Ɗan Kwamfuta: Wurin godiya ai nan ake sa mai gyaran janareta.

Farfesa: Irin wannan ne ya sa aka kafa H3Africa, shirin binciken gadon ɗan Adam da lafiya a Afirka, a 2010, da kuɗin NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya, bisa sharaɗin masanan Afirka su jagoranci ayyukan. Bayanan da aka tara suna EGA, rumbun bayanan gado na Turai, amma akwai kwamitin da ke ba da izinin taɓa su, kuma waɗanda suka tara su na da wa'adin da za su fara wallafawa kafin kowa. Maƙalarsu ta 2020 a mujallar Nature mutum 426 kawai ta duba, daga ƙabilu 50, aka samu sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Dakta, wannan ya shafi yaronki kai tsaye: sau da yawa VUS na fitowa ne don rumbunan ba su san mutanenmu ba, ba don sauyin na da illa ba.

Sabon Shiga: Yallaɓai, ai na ji tallafin H3Africa ya ƙare.

Farfesa: Zangon tallafin ya ƙare, mutanen suna nan. Ku neme su a AfSHG, ƙungiyar masana gadon ɗan Adam ta Afirka. Masu aiki kan sikila kuma su nemi haɗakar SickleInAfrica.

Ɗan Kwamfuta: Ni kwas ɗin share fage na H3ABioNet, reshen H3Africa na nazarin bayanan gado da kwamfuta, ne ya fitar da ni daga duhu. Daga nan na koma Galaxy, dandalin nazarin bayanan gado a intanet, tunda kwamfutata ba ta iya ɗaukar BAM, babban fayil ɗin karatun DNA, ba tare da ta yi kukan jirgi ba.

Mai Sa Ido Kan Annoba: Ni dai ba na goyon bayan kowa ya rungume bayanansa. A annoba jinkiri kisa ne. Da ACEGID, cibiyar binciken gadon ƙwayoyin cuta da ke Najeriya, ta fitar da jerin bayanan gadon ƙwayar korona na farko a Afirka a Maris 2020, ai ba ta ɓoye ba.

Mai Lab: To da masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da nau'in korona na Omicron a Nuwamba 2021, me aka saka musu da shi? Rufe musu hanyar jiragen sama.

Mai Sa Ido Kan Annoba: Wannan aikin 'yan siyasa ne. Kuma kada ka haɗa ƙwayar cuta da DNA ɗin mutum, Malam. Ta ƙwayar cuta a sake ta da wuri, GISAID, rumbun raba bayanan gadon ƙwayoyin cuta, ma na tilasta a ambaci wanda ya samar. Ta mutum ita ce mai buƙatar ƙofa da makulli, aikin da GA4GH, haɗakar duniya mai tsara ƙa'idojin raba bayanan gado, ke yi ke nan tun 2013.

Mai Lab: Ambato a wani dogon jadawali da ba mai buɗewa.

Maman Biyu: Ku biyun nan kullum sai kun kai mu Omicron. Dakta, abin da ba wanda ya faɗa: ki duba takardar amincewar da iyayen suka sa wa hannu. In ba ta ambaci raba bayanai ba, ki sake zama da su kafin ki tura wa kowa hoton yaron ko cikakken tarihinsa. Cuta in ba a cika samunta ba, siffa kaɗai na iya tona ko waye.

Sabon Shiga: Afuwan, kwas ɗin nan na H3ABioNet ana ba da satifiket?

Likitar Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na shigar a GeneMatcher, kuma zan kira iyayen kan gwajinsu da batun takardar. Malam Mai Lab, kana da samfurin yarjejeniyar nan in gani?

Mai Lab: Akwai wadda muke amfani da ita yanzu. Bari in goge sunayen ciki, zan turo miki bayan Magariba.