Ɗana ya ƙi buɗe baki gaban likitar haƙori

Maman Abdu, Bukoki, Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Ɗana shekararsa 6, turminsa na ƙasa ya yi kogo, dare ba ya iya barci. Mun kai shi wajen likitar haƙori, yana ganin kujera da fitila ya cije baki, yana shure-shure, har ta ce mu dawo mako mai zuwa. A Tawa ya tashi hannun kakarsa, ba a taɓa ce masa a'a ba, bara ya dawo wajena. Babansa ya ce shagwaɓa ce, a danne shi kawai a yi aikin. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan yi?

Malam Isufu, Wadata:
Wa alaikumus salam. Maigidanki yana da gaskiya ta gefe guda, yaro yana bukatar ya san akwai maganar da ba ta canzawa. Amma ban yarda da dannewa ba. Kuma in ana yi masa barazana a gida da "za a kai ka a yi maka allura", a daina yau. Mu da bakinmu muke mai da likita dodo.

Malama Rabi:
Ƴar uwa, aikina ke nan, ina taimaka wa likitan haƙori a nan Yamai. Tun shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa tarbiyya gida uku: ta tsanani, ta sakaci, da ta masu kafa doka amma suna bayani cikin tausayi. Duka ukun ina ganin su a kujerarmu. Ɗan lele shi ne mai shure-shure, don bai saba da dole ba. Wanda ake duka kuwa yakan zauna shiru, mutane su ce yaron kirki, amma hannunsa rawa yake, kuma ba ya faɗa mana in ya ji zafi. Shi ya fi ba ni tausayi. Masu sauƙin aiki su ne waɗanda aka saba gaya musu gaskiya.

Kada ki ce masa ba za a taɓa shi ba. Ki ce za a duba, za a sa magani wurin ya mutu, in ya ji zafi ya ɗaga hannu a tsaya. Ki roƙi likita ta nuna masa madubin, ta gwada masa kayan aikin a farce tukuna. Ku je da safe, ya ci abinci. Sannan a tabbatar wane haƙori ne: wajen shekara 6 turmin farko na dindindin ke fitowa can baya ba tare da famfara ba, iyaye su ɗauka zai faɗi wani ya fito. Ba ya da madadi.

Hajiya Ta-Allah, Tawa:
Ɗiyata, kada a ɗora wa tsohuwa laifi duka. Yaron bai daɗe da rabuwa da wadda ya sani ba. Ki kira ta a waya ta lallashe shi kafin ku tafi, maganarta zai ji. Alawa da shayi mai sukari dai a rage.

Maman Abdu:
Na gode, Allah ya saka. Zan kira Inna yau. Malama, in ciwon ya tsananta kafin ranar fa?

Malama Rabi:
In kumatu ya kumbura ko zazzaɓi ya zo, kada ki jira mako, ki kai shi a ranar.