Neman kalma: gubar da funfuna ke bari a jikin tuffa

Ƴar Rediyo: Salamu alaikum masana. Gobe da safe zan gabatar da shiri kan gwajin da ake yi wa tuffa kafin ta shiga kasuwa, kuma abu biyu sun tsaya mini a wuya. Na farko, abin da ke saura na maganin ƙwari a jikin tuffar. Na biyu, gubar da funfuna ke fitarwa, wadda masana ke kira maikotoksin, ta tuffa kuma fatulin. A taimaka kafin dare.

Malamin Sinadarai: Wa alaikumus salam. Na farkon ki ce "burbushin maganin feshi". Kar ki tsaya ga ƙwari, don wasu magungunan na kashe ciyawa ne, wasu na funfuna.

Ɗan Gona: Malam, burbushi ai na abu mai gari ne. Wannan ruwa ne ya bushe a ɓawo. Ragowa muke cewa.

Tsohon Mafassari: Na biyun na daɗe da ƙera masa kalma: "gubfuna". Guba da funfuna a dunƙule, gajeriya, mai daɗin faɗa.

Ɗalibi: Baba, ayi haƙuri, wanda ya ji gubfuna a rediyo zai zaci sunan wani ƙauye ne. Me ya hana "dafin funfuna"?

Malamin Sinadarai: Dafi na maciji ne da kunama. Wannan ci ake yi ko a sha, saboda haka guba ce. Kuma a bar kalmomin biyu, guba da funfuna, a rabe, domin nan ne darasin yake. Funfunar nan mai shuɗi-shuɗi, Penicillium expansum, tana kama inda tuffa ta bugu ta fara ruɓa. In an matse ruwan aka ɗumama shi a masana'anta, funfunar za ta mutu, gubar kuwa tana nan daram. Shi ya sa Amurka da Tarayyar Turai suka sa iyakar maikurogiram 50 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane kilo na ruwan tuffa, Turai kuma ta rage zuwa 10 a abincin jarirai. In aka haɗe kalmomin, mai sauraro zai ɗauka babu funfuna, babu guba.

Tsohon Mafassari: Kullum haka kuke, sai ku jero jimla inda kalma ɗaya ta wadatar. Yaushe Hausa za ta tsaya da ƙafarta? Ita kanta "tuffa" ai aron Larabci ce, yaran yanzu ma "aful" suke cewa.

Ɗalibi: To Baba, "rediyo" fa? Ko ita ma a kore ta?

Tsohon Mafassari: Kai yaro, ina fassara labarai tun ba a yaye ka ba.

Ɗan Gona: Allah ya huci zuciyar Baba. Baiwar Allah nan dare na yi mata.

Ƴar Rediyo: Na gode kwarai. Zan tafi da "gubar funfuna", in ambaci fatulin sau ɗaya. Ɗayan kuma "ragowar maganin feshi", tunda manoma ma za su saurara. Malam, a gafarce ni kan burbushi.

Malamin Sinadarai: Ba komai, amma ki faɗa musu da miligiram a kilo ake auna ta, kar su zaci ragowa ce da ido ke gani.

Tsohon Mafassari: Ki yi na gobe haka. Ni dai gubfuna zan ci gaba da rubutawa.