Wai saikoloji karatun mahaukata ne?

Ƴar_Gwammaja:
Salam ƴan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Karatun nas na cike a jami'a amma saikoloji aka ba ni, tun da Baba ya ji yake cewa karatun mahaukata ne, yayata kuma wai in na gama zan riƙa karanta zuciyar mutane kamar boka. Me ake koyarwa ne a ciki, kuma wane aiki mutum zai yi da shi?

Abban_Sadik:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ki kwantar wa Baba hankali, ba duba ba ne, nazarin halayya da tunanin ɗan Adam ne ta hanyar gwaji. Da can a cikin falsafa yake, sai a 1879 wani Bajamushe Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig yana auna abubuwa irin su saurin da mutum ke amsawa in ya ji ƙara. Daga nan fa aka rarrabu, Freud a Ostiriya ya ce abin da ke juya mu yana binne ne can ƙasan zuciya tun ƙuruciya, su Watson da Skinner a Amurka suka ce a'a a bar zancen abin da ba a gani, a duba aikin da mutum ke yi da ladan ko horon da ke biyo baya, kin san labarin karnukan Pavlov na Rasha da ke dalalar da miyau tun kafin abinci ya iso, to layinsu ke nan. Maslow da Rogers suka ce duk an ƙasƙantar da mutum, yana da zaɓi da buri. Ni dai ɓangaren nazarin tunani ya fi kwanta min, wanda Aaron Beck ya gina magani a kansa a shekarun 1960, a zauna da mai damuwa a bi tunanin da ke cinsa ɗaya bayan ɗaya a gyara.

Malama_Hajjo:
Abban Sadik ka yi ƙoƙari amma ka fara daga tsakiya. Wani malami Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, da aka haifa tun ƙarni na 9, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, a ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya yi maganar tsoro da fushi da waswasi, har ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Wannan ki karanta wa Baba. Kuma gaskiya akwai abin da za ki ji a aji musamman na Freud wanda ba zai shiga ranki ba, ba dole ki haɗiye ba, marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya daɗe yana jan kunnen Musulmi a kan kwafo komai ido rufe kafin ya rasu a 2021, kuma shi kansa masanin fannin ne bai ce a guje shi ba.

Ɗan_Barnawa:
Maganar aiki kuma. Ki bambanta, likitan ƙwaƙwalwa karatun likita ya yi shi ke rubuta magani, ke naki gwaji ne da zama da mutum, kuma in asibiti kike so sai kin ƙara digiri na biyu, na farko kaɗai ba ya isa wlh kar a ruɗe ki. Akwai ɓangaren girman yara, na makarantu, na ma'aikatu, na masu laifi da kotu. Mu nan Arewa ga ƴan shaye-shaye ga ƴan gudun hijira da suka ga tashin hankali ga mata masu shiga damuwa bayan haihuwa ana cewa iska ce, masu zama da su cikin Hausa ba su da yawa.

Ƴar_Gwammaja:
Na gode sosai Allah ya saka. Malama a ina zan samu littafin nan, an fassara shi ko sai da Larabci?